Amsa: Mutum-mutumin da za ka fara gani a Benin

Malam, ka ce yini ɗaya za ka yi a birnin Benin na jihar Edo, kana tambayar wane mutum-mutumin tarihin sarauta za ka fara gani. Fara da na Emotan, yana gaban kasuwar Oba. 'Yar kasuwa ce da ta taimaki Yarima Ogun har ya hau gadon sarautar Benin da sunan Oba Ewuare (Oba shi ne laƙabin sarkin Benin). Da farko itace aka dasa don tunawa da ita, bayan itacen ya faɗi sai Oba Akenzua na 2 ya ƙaddamar da mutum-mutumin tagulla a 1954. Daga nan ka taka zuwa shataletalen Ring Road, akwai na jarumi Asoro wanda ya yaƙi Turawan Ingila a 1897.

Sharaɗi ɗaya dai: ga mutanen garin, mutum-mutumin Emotan ba ado ba ne, wurin girmamawa ne, har masu jerin gwanon jana'iza sukan tsaya su kai gaisuwa. Da na je, sai da na tambayi matan kasuwar kafin na ɗaga waya in ɗauki hoto. Kada ka jingina da shi, kuma ka je da sassafe kafin cunkoso ya rufe hanya.