Tafiya Lisbon da iyali: amsoshin tambayoyinku na wannan makon

Wata Hajiya daga Kaduna ta rubuto tana cewa maigidanta zai je taro Lisbon, babban birnin Fotugal, yana so su bi shi ita da yara uku da kuma mahaifiyarsa mai ciwon gwiwa, kwana biyar za su yi. Tambayarta, otal za su kama ko gidan haya, kuma a wace unguwa?

Hajiya, kafin maganar otal ko gida, ki fara sanin cewa Lisbon gari ne na tuddai, hawa da sauka ne ko ta ina, kuma gefen titunan an shimfiɗe su ne da ƙananan duwatsu farare da baƙaƙe, ga kyau a ido amma sun sha takawa har sun yi santsi, in an ɗan yi yayyafi sai mutum ya ji ƙafarsa ta tafi. To ki duba ga tsohuwa mai gwiwa ga keken tura jariri. Hotunan da ake sawa a intanet galibi na Alfama ne, tsohuwar unguwa mai lunguna da matakala, kuɗin ma wani sa'in ya fi sauƙi, amma don Allah kar ki kai surukarki can ta kwana, gidajen tsofaffi ne, da yawa ba lif, za ki iske ɗakinku a hawa na huɗu kuma tasi ba ya iya shiga har ƙofa. Ku nemi Baixa, nan ne tsakiyar gari kuma shimfiɗaɗɗe ne, domin bayan girgizar ƙasar 1 ga Nuwamba 1755 da ta rusa garin sake zana shi aka yi da tituna miƙaƙƙu. Ni dai gidan haya mai kicin nake ba ki shawara, ku shida ne, ɗaki biyu a otal zai ci kuɗi, kuma Mama za ta so ko kunu ne a dama mata da safe. Amma kafin ki biya ki rubuta wa mai gidan ki tambaye shi ƙarara akwai lif ko babu, hawa na nawa ne. In ya yi ta kwana-kwana ki bar shi.

Sai takalmi, kowa ya samu mai ƙasan roba, har ke. Mai tsini ki bar shi a gida.

Wani Malam daga Zinder kuma yana tambaya ko ya sayi Lisboa Card, an ce masa da shi komai kyauta ne.

Malam ba komai ba ne. Katin na awa 24 ne ko 48 ko 72, yana biya maka bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa da jirgin ƙasa mai zuwa Sintra, wani gari kusa da Lisbon, kuma za ka shiga wasu wuraren tarihi ba ka biya ba, irin su Jerónimos, tsohon gidan ibadar Kirista. Sai dai shi katin yana fidda kuɗinsa ne ga wanda zai yi ta gudu daga nan zuwa can, wuri huɗu biyar a yini, mai iyali kuwa in ya yi biyu ya gode Allah, yaro zai ce yunwa, wani ya ce fitsari, ga lokacin salla. Sannan ƙananan yara dama ba sa biya a irin waɗannan gine-ginen na gwamnati, to me za ka saya masu? In za ka saya ka sayi na awa 24 kai da uwargida, ku yi amfani da shi ranar zuwa unguwar Belém. Can ne Jerónimos yake, ginin da aka fara a 1501, a ciki kabarin Vasco da Gama yake, mutumin da ya tashi daga bakin kogin Lisbon a 1497 ya zagaya Afirka ya isa Indiya a 1498. Ku je da sassafe don layin yana tsawo a cikin rana, kuma ban da Litinin, rufewa suke. Hasumiyar Belém tana kusa, ita kam ku tsaya daga waje ku ɗauki hoto ya wadatar, matakalar ciki ƙunci gare ta. Daga nan ku biya shagon Pastéis de Belém da ke gasa ɗan kek ɗin nan na ƙwai da madara tun 1837, a ci shi da zafinsa.

Inda nake so ka saki hannu shi ne Oceanário, gidan kifayen da aka buɗe a 1998, akwai wani ƙaton tanki a tsakiya da yaro zai manna fuska a gilashi kifin shak ya zo ya wuce ta gaban hancinsa. Wurin shimfiɗe yake, akwai wajen zama, yaran da ba su taɓa ganin teku ba wannan ne za su riƙa ba da labari. Shi kuma taram, wato ɗan jirgin ƙasan da ke bin titunan gari, mai lamba 28, rawayan nan da kowa ke ɗauka a hoto, cunkoso ne da 'yan sane, in yara sun nace ku hau da sassafe, jaka a gaba.

Wata 'yar uwa daga Kumasi ta ce ita damuwarta abinci da salla.

'Yar uwa kin yi gaskiya, mutanen nan suna son alade, kuma yana ɓuya a inda ba ki zata ba, miyar ganyensu caldo verde da za ki ɗauka ganye ne zalla sukan jefa yankan tsiran alade a ciki, wasu girkin ma da giya ake yi, don haka a tambaya kafin a yi oda. Gasasshen kifi shi ne mafita, ga shi ko'ina. In nama kuke so ku nufi unguwar Martim Moniz, titin Benformoso cike yake da gidajen abinci da mahautan 'yan Bangaladash na halal, can za ki sayo kaza ki dafa da kanki. Abu ɗaya kuma, burodi da zaitun da za a dire maku a tebur ba ku ce a kawo ba, ba kyauta ba ne, in aka taɓa sai an biya, ki gaya wa yara tun daga ƙofa. Babban masallacin Lisbon yana kusa da Praça de Espanha, tun 1985 ake salla a cikinsa, jirgin ƙarƙashin ƙasa yana kaiwa kusa, maigida ya samu Juma'a a can. Ku kuma kai yara ganuwar São Jorge da ke kan tudu, Musulmi ne suka riƙe garin fiye da shekara 400 kafin a ƙwace shi a 1147, a tasi za ku hau, saukowa ce za ku yi a ƙafa in da hali.

Masu tambayar biza, ta Shengen ce, wato bizar haɗin gwiwar wasu ƙasashen Turai, yuro 90 babba, yuro 45 yaro ɗan shekara 6 zuwa ƙasa da 12, wanda bai kai 6 ba ba ya biya, kuma sai da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Kar a biya kuɗin gidan da ba a mayarwa sai biza ta fito.