Tambaya da Amsa: Garmata ta tono kan mutum na yumɓu, in sayar ko in fasa?

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Ni manomi ne a ƙasar Kagarko. Ina huɗar gonar citta a farkon damina sai garma ta ci karo da wani abu. Da na tone, sai ga kan mutum na yumɓu, bai fi girman kwakwa ba, da huda a idanu da hanci, ga kitso a kai. Kusa da shi akwai tsingaro da gawayi. Ba a kwana uku ba wani dillali ya zo ya taya dubu tamanin, ya ce in na bar yaransa su tone sauran gonar zai ƙara. Maƙwabcina kuma ya ce gunki ne, in farfasa shi. Yana nan cikin buhu a ɗakina. Ina mafita?
Wani manomi, jihar Kaduna

AMSA: Malam, sannu da aiki, Allah ya ba da damina mai albarka. Kafin komai, fitar da shi daga buhun nan, ka naɗe shi da tsohon zane, ka sa a kwali inda ba danshi. Kada ka wanke shi, kada yara su kankare ƙasar da ke jikinsa.

Siffar da ka ba ni, idanu masu huda da kitso, ga kuma yankin da kake, duk sun yi daidai da kayan Nok. Sunan na wani ƙauye ne a ƙasar Jaba, inda masu haƙar kuza suka tono na farko a 1928. Wajen 1943 aka kai wa wani Bature, Bernard Fagg, wani kan daga ƙasar Jama'a, wanda kafin nan mai shi ya kafa a gonar doya don korar dabbobi. Shi Fagg ɗin ne ya buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Mutanen da suka gina waɗannan siffofi sun zauna a ƙasarku tun kimanin shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, sun kuma narka tama: an tono matoyarsu a Taruga, kusa da Abuja. Kan da ke ɗakinka zai iya haura shekara dubu biyu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarka shi ne gawayin da tsingaron. Dillali ba ya tayin su, alhali su ne bakin da kan zai yi magana da shi. Daga ɗan gawayi ko ƙwayar hatsin da ta ƙone ake auna shekaru a ɗakin gwaji. Masanan Jami'ar Frankfurt ta Jamus da suka fara aiki a yankinku a 2005 tare da takwarorinsu na gida, da irin wannan tarkacen suka gano mutanen Nok gero da wake suke nomawa. Har kakin zuma aka samu ya shige jikin tukwanensu. Kuma mafi yawan wuraren da suka je, sun tarar masu tono sun riga su.

Na taɓa tsayawa a irin wannan wuri ina matashi. Tudu guda an mayar da shi kamar gidan gara, rami kusa da rami, hannuwa da ƙafafun yumɓu a warwatse don kai kaɗai ake so. Mai gonar ya ci kuɗinsa tun bara, gonar kuwa ko shanu ba sa iya ratsa ta. Wannan shi ne “ƙarin” da dillalinka ke maka alkawari.

Sai doka. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana saye da sayar da kayan tarihi sai ta hannun wanda hukumar ta amince da shi, ta hana fitar da su waje ba izini, ta kuma ce wanda ya tsinta ya sanar da hukumar da ƙaramar hukumarsa cikin kwana bakwai. Tun shekarar 2000 kayan Nok na cikin jerin da ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta fitar na abubuwan da ake gargaɗin kada a saya, tare da na Sakkwato da Katsina da na Bura a Nijar. In an yi kame, dillali ya san hanyar gudu. Kai gonarka ba ta gudu.

Ka je wurin dagaci, ku sanar da gidan tarihi na Kaduna, ko sashen binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ka ɗauki hoton kan da na ramin da waya, ka kafa turke a wurin, ka bar wannan kusurwa ba huɗa. In za ka miƙa, a gaban shaidu, a ba ka takarda mai sunanka da na gonarka. Ba zan yaudare ka ba, da wuya ka ga dubu tamanin ta wannan hanyar. Amma a 1987 wani Bafulatani mai haƙa rijiya a Dufuna, cikin Yobe ta yau, ya ci karo da itace a ƙasa, ya kai magana gaba maimakon ya sare shi. Ashe kwalekwale ne mai tsawon fiye da mita 8, mai shekara wajen 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka.

Maganar maƙwabcinka, fatawa ta malamai ce, ni ba nawa ba ne. Abin da na sani, ba wanda ke durƙusa wa kayan da ke cikin gilashi a Jos, kuma Alƙur'ani ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen na farko ya kasance. In ba ka son sa a gidanka, miƙa shi ya fi fasawa sauƙi.

TAMBAYA: Baba, kakarmu tana da wani baƙin dutse mai santsi da kaifi a gefe guda. Ta ce gatarin aradu ne, daga sama ya faɗo. Gaskiya ne?
Wata ɗaliba, Azare

AMSA: 'Yata, ki gaishe min da Iya, amma kada ki ce ni na faɗa. Hannun mutum ne ya yi shi. Kafin a san ƙarfe, dutse ake fafarewa a goga a kan wani dutsen har ya yi kaifi, a ɗaura masa ƙota. Ruwan sama mai ƙarfi ke wanke ƙasa ya fito da su, shi ya sa ake tsintar su bayan an yi tsawa. Ki lallaɓa ta faɗa miki inda aka tsince shi da wanda ya tsinta, ki rubuta a takarda ki ajiye tare da dutsen.

TAMBAYA: Malam, badalar da muke hawa muna yara a unguwarmu yanzu shaguna ne. Me talaka zai iya yi?
Wani mai karatu, birnin Kano

AMSA: Wannan ciwo ne da nake ɗauke da shi ni ma. Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwar, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15. Ginin ƙasa ne, kuma ginin ƙasa da yaɓe yake rayuwa. A da gayya ake yi bayan damina a gyara inda ruwa ya ci. Da aka daina, sai ruwa ya ci nasa, masu ɗibar ƙasa suka ci nasu, masu yanka fili suka ƙarasa. An sa ta a jerin wuraren da Najeriya ke nema wa rajistar UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tun 2007, amma jeri ba ya hana katafila.

Ku haɗu da mai unguwa ku rubuta wa Hukumar Gidajen Tarihi a kan guntun da ya rage, da sa hannun jama'a. Ka ɗauki hotonsa daga wuri guda duk bayan damina, da kwanan wata. Ka zauna da tsofaffin unguwa ka naɗi muryarsu: ina ganuwar ta bi, wane kududdufi aka cike, wa ke rufe ƙofa da magariba. Ranar Asabar kuma ka kwashi yaranka zuwa Gidan Makama, su ga tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari da idonsu.