Sare rassan ƙasa na manyan itatuwan gida: mangwaro da darbejiya

Tambaya: Assalamu alaikum. A tsakar gidana akwai bishiyar mangwaro ɗaya da darbejiya biyu, dukkansu sun haura shekara 20. Rassansu na ƙasa sun sunkuyo har suna gogar kwanon ɗaki da katanga, mota ma ba ta shiga sai an ɗaga mata reshe. Ina so in sare rassan nan gaba ɗaya, amma maƙwabcina ya ce itatuwan za su mutu. Mene ne gaskiyar lamarin? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, maƙwabcinka ya ɗan zuzuta, amma maganarsa ba ta rasa tushe ba. Sare rassan ƙasa ba ya kashe itacen da ya riƙa, matuƙar an yi shi sannu a hankali kuma an yanka a inda ya dace. Abin da ke jawo ɓarna shi ne a kwashe su duka a yini ɗaya da gatari.

Mangwaro da darbejiya suna riƙe ganyensu kusan duk shekara, kuma da wannan ganye suke haɗa abincin da ke ciyar da gangar jikinsu da saiwoyinsu. Saboda haka masana kula da itatuwa suke ba da shawarar kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen itace a shekara guda, kuma ga itacen da ya manyanta gara a tsaya ƙasa da haka. Bayan an gama, ya kamata kimanin kashi biyu cikin uku na tsawon itacen ya kasance yana ɗauke da rassa masu ganye. Idan rassan da ke damunka sun fi wannan yawa, ka raba aikin zuwa shekara biyu ko uku, ka fara da busassu da waɗanda ke taɓa kwano. Ka kuma sani cewa reshe ba ya hawa sama yayin da itace ke ƙara tsawo. Inda ya fito nan zai dawwama, sai dai ya ƙara kauri da nauyi, don haka jira ba zai raba ka da matsalar ba.

Wurin yankan shi ne ya fi komai muhimmanci. Idan ka duba gindin kowane reshe, inda ya haɗu da gangar itacen, za ka ga wani ɗan kumburi da ya kewaye shi kamar wuyan riga. Binciken da masanin itatuwa Alex Shigo ya yi a hukumar gandun daji ta Amurka ya nuna cewa itace ba ya warkar da rauni ta hanyar maido da abin da ya lalace. Killace wurin yake yi daga ciki don ruɓa kada ta bazu, sannan sabon ɓawo ya rufe shi daga gefe, kuma wannan kumburi ne ke ɗauke da mafi yawan aikin. Wanda ya shafe reshe daidai da jikin itacen ya cire kumburin, wanda kuma ya bar dogon dungu ya bar wa gara da ruɓa ƙofa. Ana yanka ne dab da kumburin ta waje, a bar shi lafiya lau.

Reshe mai nauyi ana sauke shi da yanka uku, da zarto, ba da adda ba. Da farko a tsaga shi ta ƙasa, kimanin santimita 30 daga gangar itacen, har zarton ya ci kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa. Sai a matsa gaba kaɗan a yanko ta sama har ya faɗi, daga nan a cire dungun da ya rage a bakin kumburin. Yankan farkon nan shi ke hana reshen ya ɓantaro ɓawon itacen yayin faɗuwa. Idan kaurin reshe ya wuce santimita 10, ni na fi son a rage masa tsawo zuwa wani ƙaramin reshe da ke kallon sama, domin babban rauni yana daɗewa bai rufe ba. Baƙin mai da fenti da wasu ke shafawa kuwa ba su hana ruɓa, baƙin man ma ƙona gefen raunin yake yi. A bar wurin ya sha iska.

Itatuwan naka iri biyu ne, kuma ba halinsu ɗaya ba. Darbejiya tana da juriya ƙwarai, tana sake toho ko da an yi mata sara mai yawa, har ma tohon da zai fito a bakin yankan ne zai zame maka aiki, sai ka riƙa tsinke shi tun yana ɗanye. Mangwaro ya fi buƙatar lura. Yana fure ne da hunturu a kan tsinin rassan da suka ƙosa, don haka lokacin taɓa shi shi ne da zarar an gama cire 'ya'yansa, a ranar da babu ruwan sama. Wanda ya sare shi dab da hunturu ya rage wa kansa amfanin shekarar. Haka nan ɓawonsa da ya saba zama a inuwa yana iya ƙonewa ya tsage idan aka buɗe shi ga ranar bazara farat ɗaya, musamman ta ɓangaren yamma. Ruwan da ke fita daga yankansa yana sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje, saboda haka a sa riga mai dogon hannu a kuma kare idanu.

Reshen da ke bisa kwano sai an ɗaure shi da igiya an sauke shi gunduwa-gunduwa, kuma irin wannan aiki gara a ba wanda ya saba hawa. Idan akwai wayar lantarki kusa da rassan, kada kowa ya hau sai ma'aikatan wuta sun zo sun kashe layin.