Alhaji, Kafin Ka Sake Sayen Sensa: Lita Nawa Motarka Ke Sha?

Wani ɗan kasuwa ya rubuto mini daga Kano. Yana sarin kayan masarufi a kasuwar Singa, yana kai wa masu shaguna a Katsina da Daura da Haɗeja da motoci uku, duka Sienna 'yan Beljiyam da aka cire wa kujerun baya. Ga abin da ya ce a taƙaice:

"Kuɗin mai ya kusa cinye ribata. Ɗan yayana ne ke kula da motocin, shi ke kai su gareji. Sau biyu cikin shekara ɗaya yana cewa sensar salansa ce ta mutu, kowane lokaci na ba shi naira 45,000, amma ban ga sauƙi ba. Yanzu ya kawo shawarar mu yi odar katan guda na sensa daga Chana, mu sa wa motocin sababbi, sauran mu sayar wa bakanikai a Ƙofar Ruwa. Ya ce ribar ninki biyu ce. Miliyan ɗaya da rabi ake nema. In shiga?"

Alhaji, kada ka shiga. Amma ba katan ɗin ne ya fi damu na ba. Sau uku na karanta wasiƙarka ina neman kalma ɗaya, ban same ta ba: lita. Ka faɗi kuɗin sensa, ka faɗi kuɗin katan, ka ce mai ya cinye riba, amma ko sau ɗaya ba ka ce motata kaza tana cin kilomita kaza da lita ɗaya ba. Ban yi zaton mantawa ka yi ba. Ba ka sani ba ne, kuma ciwon naka ke nan.

Da naira kake auna shan mai, alhali naira ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da aka ce tallafi ya tafi, litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai 200 ba. Cikin 'yan kwanaki ta koma wajen 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000 a wurare da yawa. Kai da ke Singa, za ka yarda ka sayi shinkafa a hannun wanda ke canja maka kwano kullum? To haka kake yi wa kanka. Idan direba ya ce a ƙaro dubu goma, ba ka da hanyar sanin farashi ne ya tashi, ko mota ce ta lalace, ko lodi ne ya yi yawa, ko kuwa man yana sauka cikin jarka a hanya. Kuma da aka canja sensar nan har sau biyu, da me ka auna ka ce ba ka ga sauƙi ba? Da zafin aljihu kawai.

Sensar da ake magana ɗan saƙo ce. A jikin bututun hayaƙi take ɗaure, tana sansano iskar oksijin da ta rage bayan mai ya ƙone, tana kai rahoto ga ƙwaƙwalwar mota, wato na'urar da ke sarrafa injin, ita kuma ta ƙara mai ko ta rage don a tsaya kusa da ma'aunin da injin fetur ke so, kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai. Kamfanin Bosch ne ya ƙera ta, motocin Volvo suka fara fita da ita a 1976. Tana tsufa, babu musu. Idan mota ta haura kilomita 150,000, ba abin mamaki ba ne sensarta ta yi sanyin jiki, ta riƙa kai rahoto a makare, mai ya riƙa tafiya a banza. Saboda haka ɗanka bai faɗi abin da ba ya faruwa ba.

Sai dai ka lura da abin da bai gaya maka ba, ko shi ma bai sani ba. Sienna mai silinda 6, irin ta 2004 zuwa sama, sensa huɗu gare ta. Biyu na gaba, kafin tukunyar tace hayaƙin nan da bakanikai ke kira indomi, su ne ke da ta cewa a kan yawan man da injin zai sha. Biyun baya, babban aikinsu gadin indomin ne. Wacce aka canja maka? Na gaban ma a irin waɗannan Toyota wani samfuri ne na daban, sun fi tsada, kuma ko da ta baya ta ɗauru a ramin, ba za ta yi aikinsu ba. Idan aka sa mota a kwamfuta ta nuna P0420, indomi take ƙara, kuma da yawa daga motocin da ke yawo a titunanmu an riga an fasa tukunyar an kwashe abin da ke ciki, saboda ƙarafa masu tsada da ke jikinsa. Sensa goma ba za ta kashe wutar gargaɗin da ke kamawa a gaban direba ba. Idan P0171 ce, cewa take iska ta fi mai yawa, wataƙila wata roba ce ta tsage, ko famfon mai ya yi rauni, ko nozul ya toshe. Ita sensar ta faɗi gaskiya, sai a cire ta a jefar. An bar jaki ana dukan taiki.

Sannan sensa ta ainihi ba ta mutuwa cikin wata shida haka kawai. Ko dai jabu aka ɗaura, ko akwai abin da ke kashe ta. Tsohon injin da ringinsa suka cinye yana ƙona baƙin mai, tokar ta bi hayaƙi ta lulluɓe kan sensar. Gaskit ɗin da ke barin ruwan lagireto ya shiga injin shi ma haka. Ka sa a kunto tsohuwar a ɗora maka a tafin hannu. Baƙin ƙirin mai laushi kamar gindin tukunya, mai ne ya yi yawa. Fari-fari mai ɓarɓashi, wani abu ne ke sa mata guba.

Na taɓa zama da wani mai gidan burodi, motocin rabonsa biyar. Shekara guda yana canja sensa da fulogi, yana zagin direbobi. Na roƙe shi ya bar sayen komai na wata ɗaya, ya sayi littafi ɗaya kawai. Da wata ya cika, motoci uku lafiyarsu ƙalau. Ta huɗu, wani bakanike ya daɗe da cire mata tamostat, abin da ke daidaita ɗumin injin, ya haɗa fanka kai tsaye, wai don zafin ƙasarmu, sai injin ba ya kai ɗumin da ya kamata, ƙwaƙwalwa na ta ɗura masa mai kamar yanzu aka tashe shi da asuba. Ta biyar kuwa ba ta da ciwon komai. Ranar da aka sauya mata direba ta daina sha. Na ga fuskar mutumin nan sa'ad da ya lissafa abin da ya zubar, ba na so in ga taka haka.

Abin da za ka yi ba shi da wuya. A cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, a rubuta lambar da ke kan mitar tafiya ta motar. In an dawo a sake cikawa a gidan man nan dai, a rubuta litar da ta shiga da sabuwar lamba. Ka raba tafiyar da litar. Ka tuna Sienna da ta fito daga Amurka da mil take ƙirga, mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Mu ƙaddara Kano zuwa Katsina da dawowa kilomita 350. Motar da ke cin 8 a lita za ta sha kusan lita 44, wadda ke cin 6.5 za ta sha kusan 54. Lita goma ke nan a sawu ɗaya. In lita naira 1,000 ce, sawu 12 a wata, ka ga 120,000 daga mota guda. In har sensa ce sanadi, ta ainihi irin Denso da motar ta zo da ita za ta mayar da kuɗinta cikin 'yan makonni, kuma littafin ne zai shaida maka. In ba ita ba ce, shi ne dai zai faɗa.

Game da ɗanka, ban ce yana cutarka ba, ban san shi ba. Amma shi ke cewa ga ciwon, shi ke sayo kayan, shi ke tsayawa a ɗaura, shi ke dawowa ya ce an gyara. Ko ɗan cikinka ne, wannan nauyi ya yi wa mutum ɗaya yawa, kuma kai ka ɗora masa. Ranar da zargi ya shiga ba shi da takardar da zai wanke kansa, kai kuma kunyar yayanka za ta hana ka tambaya, sai a riƙa gaisawa da ƙulli a zuci. Ka kai motocin wurin mai kwamfuta wanda ba ya sayar da kayan gyara, ka biya shi kuɗin dubawa kawai, ya rubuta maka lambobin da suka fito. Duk abin da aka canja, tsohon ya dawo shagonka tare da rasit.

Maganar katan kuwa, kallon kitse kuke wa rogo. Sensa ba taliya ba ce da kowane gida ke ci. Ta Corolla daban, ta Accord daban, ta Golf daban, har a mota ɗaya ta gaba da ta baya ba sa musaya, soket da tsawon waya duk sun bambanta. Masu sayar da kayan gyara a Ƙofar Ruwa da Panteka ta Kaduna da Ladipo ta Legas sun shekara da shekaru suna wannan harka, sun san wacce ke tafiya da wacce ke kwana. Kai za ka zuba miliyan ɗaya da rabi a kayan da ba ka iya bambanta jabunsa da na ainihi, bakanikai su karɓa bashi, wadda ta ƙi aiki su dawo maka da ita. Wannan kuɗin a Singa sau nawa za ka juya shi kafin jirgin ma ya iso?

Ka ba ni sati huɗu, Alhaji. Kada a canja ko fulogi. Ka rubuto mini da lambobi uku, ɗaya ga kowace mota, tare da sunan hanyar da take bi, sai mu duba wacce za a fara kai wa gareji.