Amsoshin Tambayoyinku: Yara Sun Girma, Ya Zan Yi da Makin Hutu?

Wasiƙun wannan makon sun taru ne a kan masaukin hutu na karɓa-karɓa, musamman na Disney Vacation Club da aka buɗe a Fulorida ta Amurka a 1991. Ga wanda bai san tsarin ba: mutum yana sayen rabo a wani masauki, a riƙa zuba masa maki kowace shekara yana kama ɗaki da su, shi kuma yana biyan kuɗin kula da ginin duk shekara har wa'adin kwangilarsa ya cika.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da maki 150 da na saya tun yara suna ƙanana. Yanzu sun girma, babu mai marmarin lilo da dogon layin filin wasa, ga kuɗin tikiti sai hawa yake. Kuɗin shekara kuwa ba ya fashi. Na yi asara ke nan? (Wani magidanci)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Abin da ka saya ɗakin kwana ne, tikitin filin wasa bai taɓa zama cikin cinikin ba. Saboda haka daina shiga filin bai rage komai daga hajarka ba. Amma kafin a yi maganar riba ko asara, sai ka san nawa maki ɗaya yake tsaya maka.

Ɗauki kuɗin da ka sayi rabon, ka raba da yawan shekarun da suka rage wa kwangilar a ranar da ka saya, ka sake rabawa da yawan makinka. Sannan ka ɗora kuɗin kula na bana a kan kowane maki. A matsayin misali kawai: wanda ya biya dala 18,000 a kan maki 150 saura shekara 30, kowane maki yana cin masa dala 4 a shekara. Idan kuɗin kula dala 9 ne, maki ɗaya ya tsaya masa dala 13. Ɗakin da ake kamawa da maki 20 a dare, dala 260 ke nan ya biya. Duk abin da aka tallata maka, ka raba farashinsa na tsabar kuɗi da makin da ake nema. In abin da ya fito ya haura dala 13 ɗin, ka ci kasuwa. In ya gaza, kai aka ci.

Da wannan ma'auni a hannu, duba masaukai uku na kamfanin da babu filin wasa ko kusa da su. Na farko Vero Beach, a gaɓar tekun Atlantika ta Fulorida, tafiyar kusan awa biyu a mota daga Orlando, yankin da filayen wasan Disney suke, an buɗe shi a 1995. Kunkurun teku na fitowa su yi ƙwai a rairayin wannan gaɓa daga watan Maris zuwa Oktoba, shi ya sa ake rage hasken fitilu da dare. Na biyu Hilton Head a jihar Karolina ta Kudu, na 1996, wurin keke da kamun kifi da wasan golf. A sani cewa ɗakunansa ba a bakin teku suke ba, suna gefen fadama ne, sai an hau motar masauki ko keke kafin a kai gidan da suka tanada a gaɓa. Na uku Aulani a tsibirin Oahu na Hawai, na 2011. Shi akwai harajin masauki na jihar da ake biya da kuɗi ko da maki ka kama ɗakin, mutane da yawa sai a wurin sallama suke jin labarinsa.

A Orlando ɗin ma ana iya kwana biyar ba a sayi tikiti ko ɗaya ba. A Animal Kingdom Villas akwai ɗakunan da barandarsu ke kallon dajin da raƙuman dawa da jakunan dawa ke kiwo, kana shan shayi suna wucewa ta ƙasanka. Daga masaukin Saratoga Springs da ƙafa ake shiga kasuwar Disney Springs, kuma shiga kyauta ne. Cibiyar binciken sararin samaniya ta Kennedy tana gabas, tafiyar kusan awa ɗaya. Ga 'ya'yan da suka wuce shekarun lilo, ganin roka a tsaye ya fi musu armashi.

Wani abin da ake rainawa shi ne kicin. Ƙaramin ɗaki firji ne kawai da na'urar ɗumama abinci. Daga mai ɗaki da falo zuwa sama akwai cikakken kicin da murhu da tukwane, da injin wanki da na busarwa. Iyalin mutum biyar da ke dafa karin kumallo da abincin dare da kansu na mako guda, rarar da za su yi takan rufe bambancin makin da ke tsakanin ɗakunan biyu, balle ga mai kiyaye abin da yake ci.

Tambaya: Na sha gwada kama ɗaki a Hilton Head lokacin hutun makaranta na bazara, kullum a cike. Akwai wata dabara ne? (Wata uwargida)

Amsa: Hajiya, matsalar lissafin watanni ce. Wanda rabonsa yake a wani masauki yana da damar kama ɗaki a can tun saura wata 11. Kowa da kowa sai saura wata 7 ake buɗe masa. Hilton Head ƙaramin wuri ne, masu shi kuma don watan Yuni da Yuli suka saye shi, to kafin ƙofarki ta buɗe sun yi wata huɗu suna ɗiba.

Ki fara da kama ɗaki a naki masaukin tun saura wata 11, a kwanakin da kike so, don kada ki tashi a tutar babu. Ranar da ya rage wata 7 cif, ki shiga shafin da ƙarfe 8 na safe agogon gabashin Amurka, lokacin ne ake sakin ɗakuna, ki nemi sauyi. In bai samu ba ki shiga layin jira. Ana yarda da buƙata biyu a lokaci guda, kuma gajeriyar buƙata ta fi saurin dacewa: dare biyu ko uku sun fi bakwai sauƙin samu, domin na'urar sai ta ga dukkan kwanakin a buɗe tare kafin ta ba ki.

Idan kwanaki a hannunki suke, ki kauce wa bazarar gaba ɗaya. Watan Janairu da Fabrairu maki kaɗan ake nema a can, sai dai ruwan ya yi sanyin da ba ya shiguwa. Daren Juma'a da na Asabar sun fi sauran tsada a jadawali, don haka isa ran Lahadi a tashi ran Juma'a da safe yana miƙa maki sosai. Ki kuma tuna daminar mahaukaciyar guguwa a wannan gaɓa daga 1 ga Yuni take zuwa 30 ga Nuwamba, ta fi zafi a Agusta da Satumba.

Tambaya: An ce ana iya biyan kuɗin jirgin ruwa na shaƙatawa da maki. Ya kuke gani? (Wani mai karatu)

Amsa: Ana iyawa, ɗan'uwa, amma ba mu cika ba da wannan shawarar ba. Da farko ka duba yadda ka samu rabonka. Wanda ya sayi na hannu daga 21 ga Maris 2011 zuwa gaba ba shi da wannan damar, sai wanda ya saya kai tsaye daga kamfani. Ga wanda yake da ita kuma, lissafin yakan fito a karkace. A ce ɗakin jirgin dala 3,000 ne a kasuwa, ana neman maki 400 a kansa: kowane maki ya tashi a dala 7 da rabi, alhali ya tsaya maka 13 a misalinmu na sama. Ga kuɗin musaya da ake biya daban. Mafi muni, da zarar an juya makin zuwa na jirgi ba ya komawa yadda yake. In tafiyar ta fasu, ba za ka kama ɗakin kulob da shi ba, ba za ka tsallakar da shi baɗi ba.

Abin da gogaggu ke yi shi ne su ba da hayar makin, su karɓi kuɗi, su sayi tikitin jirgin da tsaba. Hayar tana tafiya haka: kai ne kake kama ɗakin da sunan baƙon, shi ya biya ka, ko kai tsaye ko ta hannun dillali mai cire la'adarsa. Dillali yakan biya wani kaso da farko, cikon ranar da baƙo ya isa. Ka sani ɗakin yana wuyanka, in baƙo ya yi ɓarna kai za a nema. Dokar kulob ta yarda da haya jefi-jefi amma ta hana mayar da ita sana'a, kuma kuɗin hayar kuɗin shiga ne a idon hukumar harajin Amurka.

Akwai kuma musaya da masaukan wasu kamfanoni a ƙasashe daban-daban ta hannun Interval International, wanda kulob ɗin ya koma wa a 2022 bayan shekaru yana tare da RCI. Nan ma makin da aka miƙa ba ya dawowa, kuma wurare masu kyau a lokutan hutu sai an daɗe a layi. Hanya ce ta ceto makin da ke dab da mutuwa, ko ta zuwa ƙasar da kulob ba shi da gini. In ba haka ba, darajar maki a ɗakin kulob take.

Tambaya: Bana ba za mu samu tafiya ba sam. Makin zai ƙone ne? (Wata mai karatu)

Amsa: Ba zai ƙone ba in kin motsa da wuri, 'yar'uwa. Kowace kwangila tana da watan da shekararta ke farawa, kuma wata takwas na farko ne kaɗai ake iya tsallakar da maki zuwa shekara mai zuwa. Mai shekarar Fabrairu, 30 ga Satumba ce ranarta ta ƙarshe. Mai ta Disamba, 31 ga Yuli. Makin da aka tsallakar ba ya dawowa baya, ba a kuma tsallakar da shi karo na biyu. Ana iya ranto na baɗi ma, don haka mai 150 zai iya haɗa 450 a tafiya ɗaya: na bara da ya ajiye, na bana, da na baɗi. Da irin wannan ake kama babban gida mai ɗaki uku da ke ɗaukar mutum 12, a tafi da kakanni da jikoki sau ɗaya a shekara uku.

Inda aka fi yin kuka shi ne soke tafiya a makare. In kin soke saura kwana 31 ko fiye, makin yana komawa shekararsa lafiya. Daga saura kwana 30 zuwa kwana ɗaya sai a tsare shi: ba ya tsallakuwa, kuma ɗakin da za a shiga cikin kwana 60 kaɗai yake kamawa, kafin shekarar ta ƙare. Soke wa a ranar isa kuwa, ya tafi. Wannan ne dalilin da ya sa tafiya a watannin ƙarshe na shekarar kwangila take da haɗari, domin ko an dawo miki da makin, ranar tsallakarwa ta riga ta wuce.

Tambaya: Wani ya kira ni a waya yana cewa yana da mai saye a hannu, in tura kuɗin takardu tukuna. (Wani dattijo)

Amsa: Baba, kada ka tura ko sisi. Hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta daɗe tana gargaɗi a kan wannan damfarar. Dillali na gaskiya sai ciniki ya faɗa yake cire la'ada daga kuɗin. In sayarwar kake so da gaske, ka nemi mai lasisin dillancin gidaje a jihar da ginin yake. Kamfanin Disney yana da haƙƙin karɓe cinikin a farashin da kuka daidaita da mai saye, wanda kai bai rage ka da komai ba sai jiran kusan wata guda. In kai ba ɗan ƙasa ba ne kuma ba mazaunin Amurka ba a wajen haraji, ana riƙe kashi 15 cikin ɗari na kuɗin sayarwar, sai ka cike takardun haraji kafin a mayar maka da rarar. Ka duba shekarar ƙarewar kwangilarka kafin ka sa farashi: Vero Beach da Hilton Head a 2042 suke ƙarewa, Saratoga Springs 2054, Aulani 2062, kuma mai saye shekarun da suka rage da nauyin kuɗin kula yake taya wa.