Murhun da ke mayar da hayaƙi cikin kicin

Ka ce matar da muka haɗa wa murhun itace mai bututu ta aiko cewa hayaƙi ya hana ta zama a kicin, kana tambaya ko ka je ka faɗaɗa ƙofar murhun. Ajiye injin yankan nan, ɗana, ka zauna. Idan ka faɗaɗa ƙofa, iska mai sanyi za ta kwararo fiye da kima ta sanyaya wutar, hayaƙin kuma ta nan zai riƙa fitowa. Ka ƙara ɓata aikin ke nan, kuma ƙarfen da aka yanke ba ya komawa yadda yake.

In ka isa, fara da tambayar wane itace take hurawa. Agusta muke ciki, marka ta zauna. Itacen da aka sara ɗanye kusan rabin nauyinsa ruwa ne, sai wuta ta gama ƙafar da ruwan nan kafin ta ci itacen, shi ya sa take ta turnuƙewa ba harshe. Duba gindin itacen da ke cikin wuta. In yana tsuwwa yana fitar da kumfa, ka gano mai laifi. Ko ka ɗauki guda biyu ka buga su: busasshe yana amsawa ƙwar, ɗanye kuwa dum. Marke da kirya suna daɗewa suna ci, garwashinsu ma mai kyau ne, amma sai an faskara su sirara an ajiye a rumfa, a ɗaga su daga ƙasa.

Daga nan ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin ragar da itace ke kwanciya a kai. Wuta numfashi take yi, kuma ta ƙasa take shaƙa. Toka ta kwana uku ta isa ta toshe mata hanci. Wasu kuma cusa itace suke yi har ƙofa ta cika maƙil, suna ganin hakan ne zai sa tuwo ya nuna da wuri. Guda 3 ko 4 sun isa, bakinsu kawai ya riƙa ci, ana turawa kaɗan-kaɗan.

Bututu kuwa, nan nake so ka buɗe kunne, don yara da yawa a Panteka, kasuwar masu aikin ƙarfe, sun iya naɗa shi su yi masa walda mai kyau amma ba su san abin da yake yi ba. Iska mai zafi ba ta da nauyi kamar mai sanyi, sai ta haura cikin bututu, haurawar nan ce ke janyo sabuwar iska ta ƙofar murhu. Bututun da ya kwana da sanyi ba ya ja. A fara ƙona 'yar takarda a gindinsa ya ɗumama, sannan a kunna ƙirare. Da takardar ma za ka gwada shi: in harshen wutar ya karkata ciki, yana ja, in ya miƙe ko ya yo wajenka, a toshe yake. Hau rufin ka auna. Bakinsa ya ɗara duk wani bango ko tsororon kwano da ke cikin tazarar ƙafa 10 da aƙalla ƙafa 2, in ba haka ba iska za ta bugi bangon ta danno hayaƙin ƙasa. Ka duba hular da ke saman bututun ma. Ni da hannuna na taɓa manna wa wani hula ta yi ƙasa sosai, iyalinsa suka sha hayaƙi mako guda kafin na gane, kuma har yau abin yana damuna.

Zura hannu cikin bututun. Kunkunniya mai laushi ba komai, a kaɗe ta. Amma in ka ji baƙin abu mai danƙo kamar kwalta, ɗanyen itace da ledar da ake kunna wuta da ita ne suka tara shi, kuma yana kama wuta a cikin bututu har ya lashi katakon rufi. Kankare shi tas.

Sai duk wannan ya wuce za ka dubi aikinmu: ko yumɓun da muka cakuɗa da buntu muka shafe ciki ya tsage, ko tazarar da ke tsakanin tukunya da bangon murhu ta toshe. Kaurin yatsa ɗaya ake so.

Ka gaya mata a bakina, ta bar taga a buɗe, don kicin da aka rufe ruf bututunsa ba ya ja. In hunturu ya shigo kuma, kada a kwashi garwashi a kai ɗakin kwana a rufe ƙofa. Yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa cikin barci. Wanda ya ji ciwon kai da jiri a bakin wuta, a fitar da shi waje nan take, a kai shi asibiti.

Gobe da safe ka ɗauki tsani, da burushin waya, da tef na awo, da busasshen marke guda 4 daga bayan shago. Ka hura wutar da namu itacen a gabanta, ka dawo ka faɗa mini launin harshen.