Sunan shafi nasa ne, aikin kuma yana hannunka sai ya biya

Ka ce in gaya maka da sunan wa za a yi rajistar adireshin shafin intanet da za ka gina, naka ko na wanda ya ba ka aikin, da kuma lokacin da za ka miƙa masa kalmar sirri. Yaro, ka sosa mini inda ke ƙaiƙayi, to buɗe kunnenka.

Adireshin, wato domen, na mai kasuwanci ne: da sunansa, da imel ɗinsa, da katin bankinsa. Ku yaran yanzu kuna son riƙe shi wai don ku ɗaure mutum, ba ku san kanku kuke ɗaurewa ba. Rajistar adireshi mai ƙarewa da .com idan ta ƙare, kamfanin rajista kan ɗaga ƙafa, iyakarta kwana 45. Daga nan sai kwana 30 na fansa da tara mai tsada, sai wasu kwana 5, a sake shi ga duk mai so. Shafi ya tsaya, imel ɗin kasuwanci ya tsaya, kuma kai za a kama. Ka sani kuma, sabon domen ba ya tashi zuwa wani kamfanin rajista sai ya cika kwana 60.

Aikin kansa fa? Nan ake cutar mutane, kuma na san irin mai yin ta sarai. Zai zo da bakinsa mai zaƙi, ya ba da kafin alƙalami ɗan kaɗan, ya ce manyan ayyuka na nan tafe. Ka yi shafuka biyar da aka yi magana, ya ce a ƙara wurin saye da biya. Ka ƙara, ya ce launin bai kwanta wa abokin kasuwancinsa ba. Tunda ba a rubuta komai ba, da bakin me za ka ƙi? Ana gab da gamawa sai ya ce, “Ɗora mini shi a kan sabata in nuna wa mutanena, gobe za ka ji ciko.” Saba ita ce kwamfutar da shafi ke zaune a kanta. Kana ɗorawa ya canza kalmar sirri. Wayarka ba ta shiga kuma. Bayan wata guda ka buɗe shafin ka ga aikinka, hotunan da ka kwana kana rage musu nauyi suna nan, amma sunan wani yaro ne a ƙasa. Kuɗin ma da sauƙi, wannan sunan ne ke cin rai.

Saboda haka rabin kuɗi kafin ka taɓa kwamfuta. A rubuta yawan shafuka, da cewa gyara sau biyu ne, na uku da kuɗinsa. Ka gina a kan sabarka, ka ba shi mahaɗi ya duba. Ciko ya shigo, ka gan shi da idonka a asusu, ba hoton rasit ba, sannan ka kwashe fayiloli da rumbun bayanai ka kai masa. Yadda ake kwashewar ba zan tsaya koya maka ba.

Tallar Facebook ma haka: asusu nasa, kati nasa, shi zai saka ka a matsayin mai kula. Kada ka taɓa biyan talla da katinka.

Ranar miƙawa, in da WordPress, manhajar gina shafi, ka yi aiki, ka shiga saituna ka cire alamar nan da ke hana injunan bincike ganin shafi, wadda ka sa lokacin gini. In ka manta ta, mutum zai yi watanni yana neman kansa a Google bai samu ba.